Fulawar Ɗaki Ma Tana Cizo

A zangon da ya wuce na sayi wata fulawa mai faffaɗan ganye, kore da ɗigo-ɗigon fari, na ajiye a tagar ɗakinmu na hostal. Ran nan na karyo reshe zan dasa wa ƙawata, ban wanke hannu ba na hau cin gyaɗa. Wallahi kafin wani lokaci leɓena ya kumbura, harshe na raɗaɗi kamar na tauna attarugu. Sai a kilinik na ji sunanta: Dieffenbachia.

Abin da ya same ni ba alaji ba ne. Wannan fulawa dangin gwaza ce. A cikin ruwanta akwai wasu ƙananan allurai na sinadarin kalsiyam okzalet da ido ba ya gani, irin waɗanda ke sa ƙaiƙayin maƙogwaro idan gwaza bai dahu ba. Ba ta zaɓen mutum, duk bakin da ta shiga sai ya ji a jikinsa. Haka Euphorbia milii, mai ƙaya da jajayen furanni, 'yar'uwar aguwa da tinya: farin ruwanta na ƙona fata, in ya shiga ido kuwa abin ya fi muni.

Alaji kuwa garkuwar jikin mutum ce ke ɗaukar abin da ba ya cutar da wasu a matsayin abokin gaba. Misali Ficus benjamina, dangin cediya da durumi. Sinadarin ruwanta na fitowa kan ganye, ya haɗu da ƙurar ɗaki, a shaƙa. Za ka iya yin watanni lafiya lau, sai atishawa, ƙaiƙayin ido ko asma su taso, abokin ɗakinka kuma ko a jikinsa. Wanda safar hannu ta roba ke sa wa borin jini ya yi hattara da ita. Ƙasar tukunya ma in kullum a jiƙe take tana yin funfuna, mai tayar da asma.

Ba cewa nake a zubar da fulawa ba fa. A yanka reshe da almakashi, a wanke hannu da sabulu, a riƙa goge ganye da jiƙaƙƙen tsumma. In ruwanta ya shiga ido, a yi ta ɗauraya da ruwa mai tsafta kamar minti 15, sannan a ga likita. In harshe ya kumbura ko numfashi ya yi wuya, kilinik kai tsaye, ba jira.

Kafin ka kawo tukunya ɗaki, tambayi abokan kwananka ko akwai mai asma. Iskar ɗakin ta kowa ce.