Kimiyyar da ke Cikin Mayar da Tsohuwar A-kori-kura Motar Tsere

A ƙasar Amurka akwai wata sana'a, wadda kuma take abin sha'awa ga masu yin ta, ta ɗauko tsohuwar mota da ta yi shekaru hamsin ko fiye, a wargaza ta gaba ɗaya, sannan a sake haɗa ta da sabon inji mai ƙarfi, ta koma tana gudun da masu ƙera ta ba su taɓa tunani ba. Motar da aka yi wa wannan aiki ita ce Amurkawa ke kira hot-rod. Daga cikin motocin da aka fi zaɓa don wannan aiki akwai tsofaffin a-kori-kura, wato ƙananan motocin ɗaukar kaya masu buɗaɗɗen baya. Wannan maƙala za ta duba asalin sana'ar da kuma dokokin kimiyya da suke tafiyar da ita, domin kusan duk abin da ɗalibi yake karantawa a darasin fiziks da kemistiri, har ma da wani abu na ilmin halittu, yana nan a cikin garejin mai haɗa irin wannan mota.

Asalin Sana'ar

Sana'ar ta samo tushe ne a kudancin jihar Kalifoniya, a shekarun 1930. A hamadar Mojave akwai busassun tafkuna, irin su Muroc da El Mirage, waɗanda ƙasarsu take shimfiɗe, ga tauri, ba tudu ba kwari. A nan ne samari suke kai tsofaffin motocin Ford, bayan sun cire musu duk wani abu mai ƙara nauyi, su gwada gudu. A shekarar 1932 kamfanin Ford ya fito da inji mai silinda takwas da aka jera layi biyu kamar harafin V, kuma ya sayar da shi a farashin da talaka zai iya saye. Ƙarfinsa doki 65 ne, amma makanikai sun gano hanyoyin ƙara masa ƙarfi ƙwarai. A 1937 ƙungiyoyin masu tseren suka haɗu suka kafa ƙungiyar SCTA domin auna gudu da tsara dokoki.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, matasa da yawa sun dawo gida da ƙwarewar gyaran injuna da suka samu a aikin soja, sai sana'ar ta bunƙasa. A 1948 Robert Petersen ya fara buga mujallar Hot Rod, a 1949 aka fara taron gwajin gudu na shekara-shekara a filin gishiri na Bonneville da ke jihar Utah, sannan a 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA. Babban dalilin kafa ta shi ne a janye samari daga yin tsere a kan titunan gari, inda ake asarar rayuka, a mayar da su filin da aka keɓe mai tsawon rubu'in mil, wato kimanin mita 402.

Dalilin Zaɓen A-kori-kura

Motocin da aka fi nema su ne Chevrolet 3100 na shekarun 1947 zuwa 1955, da Ford F-100 na 1953 zuwa 1956. An ƙera su da yawa don manoma da 'yan kasuwa, kuma ƙirarsu mai sauƙi ce. Akwai shasi, wato dogayen ƙarafa biyu da aka haɗa da wasu a gicciye kamar tsani. A kan wannan shasi aka ɗaure ɗakin direba da akwatin kaya da kusoshi, don haka ana iya kwance kowane a ɗaga shi gefe. Bugu da ƙari, wurin da inji ke zama yana da faɗi, yana ɗaukar injin da ya fi na asali girma.

Aiki na farko shi ne yaƙi da tsatsa. Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin da ruwa, kuma gishirin da ake zubawa a titunan arewacin Amurka don narkar da ƙanƙara yana hanzarta ta. Wannan ne ya sa ake son motocin da suka yi zamansu a busassun jihohi kamar Arizona. Mai aiki zai kankare bodi har sai farin ƙarfe ya bayyana, ya yanke inda ya ruɓe, ya yi waldar sabon falle. Daga nan sai ya koma kan shasi. Ƙarafan shasin irin waɗannan motoci buɗaɗɗu ne a gefe ɗaya, kamar harafin C, kuma ƙarfe mai wannan siffa yana murɗewa cikin sauƙi. Akan rufe gefen da ya rage da wani falle, ya zama kamar akwati. Rufaffen bututu ya fi buɗaɗɗe jure murɗa nesa ba kusa ba, kuma irin wannan hikima ce take cikin karan dawa da dogayen ƙasusuwan dabbobi, waɗanda ƙarfinsu yake a zagayen waje.

Inji da Numfashinsa

Injin fetur da jikin ɗan Adam suna samun ƙarfi ta hanya mai kama da juna. Ƙwayoyin halittar jiki suna haɗa sukari da oksijin, su fitar da kuzari da ruwa da iskar kabon-dayoksaid. Inji kuma yana haɗa fetur da oksijin, ya fitar da waɗannan abubuwa guda uku. Bambancin shi ne jiki yana yin nasa a hankali, mataki-mataki, shi kuwa inji yana yi ne cikin ƙiftawar ido, da tartsatsin filogi. Fistin yana sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, wuta ta tashi ta tunkuɗa shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Wannan zagaye mai matakai huɗu Bajamushe Nikolaus Otto ne ya tabbatar da shi a 1876.

Abin lura a nan shi ne, kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Ma'ana, lita ɗaya ta fetur tana cin iska wajen lita 9,000. Zuba fetur cikin inji abu ne mai sauƙi, shigar da iskar ce take da wuya. Saboda haka kusan duk dabarun ƙara wa inji ƙarfi dabarun inganta numfashi ne: a faɗaɗa hanyoyin shigar iska, a sa kafireta biyu ko uku maimakon ɗaya, a sauƙaƙa fitar hayaƙi, ko kuma a ɗora famfo da zai riƙa cusa iska cikin silinda da ƙarfi.

Injin asali na Chevrolet 3100 mai silinda shida ne, ƙarfinsa kimanin doki 90. Doki ɗaya a ma'aunin injiniyoyi daidai yake da wat 746. Injin da masu wannan sana'a suka fi ɗorawa shekaru da dama shi ne ƙaramin V8 da Chevrolet ya fito da shi a 1955. Daga 1997 kuma aka samu jerin injunan LS na kamfanin General Motors, wanda na farkonsu ya zo da ƙarfin doki 345. Wato motar da aka ƙera don doki 90 sai ta wayi gari da kusan ninki huɗu. Sai dai injin fetur kashi ɗaya cikin uku, ko ƙasa da haka, na kuzarin man yake mayarwa motsi, sauran yana zama zafi. Don haka babban inji dole ya zo da babban lagireto.

Birki: Inda Lissafi Ya Fi Muhimmanci

A nan ne masu gaggawa suke halaka. Duk abin da ke motsi yana ɗauke da kuzari, kuma ana lissafa shi da rabin nauyi sau gudu sau gudu. Alal misali, a ɗauki a-kori-kura mai nauyin kilo 1,500 tana gudun kilomita 80 a sa'a, wato kimanin mita 22 a daƙiƙa. Kuzarin da take ɗauke da shi zai kai jul 370,000. Idan aka ninka gudun ya zama kilomita 160 a sa'a, kuzarin zai ninka sau huɗu, ya kai kimanin jul 1,480,000. Kafin motar ta tsaya, dole birki ya mayar da duk wannan kuzari zafi ta hanyar goga. Ɗaga lita ɗaya ta ruwa daga digiri 25 zuwa tafasa yana cin jul 315,000, ke nan tsayawa ɗaya daga gudun kilomita 160 ta isa ta kai fiye da lita huɗu da rabi na ruwa ga tafasa, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Tsofaffin a-kori-kura suna da birki irin na ganga a ƙafafunsu huɗu. A cikin gangar akwai takalman birki biyu da ke buɗewa su matse bangonta daga ciki. Ganga rufaffiya ce, zafi ba ya fita da sauri, kuma idan ta yi zafi takan buɗe ta yi nesa da takalman. Direba sai ya ji yana taka birki har ƙasa amma mota ba ta tsayawa. Ƙari a kan haka, man birki yana shan danshi daga iska sannu a hankali, kuma idan ya tafasa sai tururi ya cika bututu. Ruwa ba ya matsuwa, amma tururi yana matsuwa, don haka ƙarfin ƙafar direba ba zai isa taya ba. Maganin wannan shi ne birki mai faifai, wanda yake a buɗe iska tana bugunsa, ana kuma matse shi daga waje ta ɓangarori biyu.

Wata matsalar kuma ita ce a tsohon tsari bututun man birki layi ɗaya ne. Idan ya fashe a wuri ɗaya, ƙafafu huɗu sun rasa birki a lokaci guda. Daga ƙarshen shekarun 1960 dokar Amurka ta wajabta layi biyu a sababbin motoci, kuma ƙwararren mai haɗa hot-rod ba ya barin tsohon tsarin. Haka kuma, a-kori-kura idan babu kaya bayanta ba shi da nauyi. Da an taka birki nauyi yakan koma gaba, tayoyin baya su ƙame, mota ta juya. Shi ya sa ake sa wani bawul da ke rage ƙarfin man da ke zuwa baya.

Akwai kuma abin da babu makanikin da zai iya gyarawa, wato jijiyoyin direba. Daga lokacin da ido ya ga haɗari, saƙo ya je ƙwaƙwalwa, ya sauko zuwa ƙafa, akan ɗauki daƙiƙa ɗaya ko fiye. A gudun kilomita 160, motar ta riga ta ci mita 44 kafin birki ya fara aiki.

Zaman Mota a Ƙasa

Mai kallo yakan ɗauka ado ne kawai ya sa ake rage tsayin waɗannan motoci. Akwai ado a ciki, amma akwai dalili na kimiyya. Duk abin da cibiyar nauyinsa take sama yana saurin kifewa, kamar yadda tulu mai ƙaramin gindi ya fi kasko saurin faɗuwa. Tsohuwar a-kori-kura an ɗaga ta ne don hanyoyin gona, kuma ƙafafunta na gaba suna haɗe da sandar ƙarfe guda, ta yadda idan ɗaya ta faɗa rami ɗayar ma sai ta karkace. Masu sana'ar sukan maye gurbin wannan da tsarin da kowace ƙafa take motsi ita kaɗai, kuma wanda ya fi shahara an kwaikwayo shi ne daga motar Ford Mustang II ta 1974 zuwa 1978. Wasu kuma sukan yanke ginshiƙan rufi su rage tsayinsa. Wannan dabara ta fito ne daga busassun tafkuna, domin turjiyar iska tana ninka sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da ake bukata don keta ta kuwa yana ninka sau takwas.

Lafiyar Direba da ta Mai Aiki

A yawancin waɗannan motoci tankin mai yana cikin ɗakin direba ne, bayan kujera. Akan fitar da shi a mayar ƙarƙashin akwatin kaya, tsakanin ƙarafan shasi. Sandar sitiyarinsu kuma ƙarfe ce guda wadda kan soki ƙirjin direba idan aka yi karo, don haka akan sa irin wadda take lanƙwashewa. Ana kuma ƙara bel mai kama kafaɗa da ƙugu, irin wanda Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da shi a 1959.

Shi ma mai aikin yana cikin haɗari tun kafin motar ta motsa. Tsofaffin takalman birki suna ɗauke da asbestos, wanda zarensa kan maƙale a huhu ya haddasa ciwon daji bayan shekaru da yawa. Tsohon fenti da dalmar da ake cike bodi da ita suna da gubar da ke lalata jijiyoyi da ƙoda, kuma ta fi yi wa yara illa idan aka kai ƙurarta gida a jikin tufafi. Rigakafi ya fi magani: a jiƙa ƙura kafin a share, a sa abin rufe hanci mai tacewa, a yi aiki inda iska ke shiga.

Kammalawa

Sana'ar ba ta tsaya a kan fetur ba. A 2021 kamfanin Ford ya nuna wata F-100 ta 1978 da aka cire wa inji aka sa mata motocin lantarki masu ƙarfin doki 480. Ko da fetur ko da batir, lissafin bai canza ba: duk ƙarfin da aka ƙara wa inji sai an biya shi a shasi da birki da taya, domin mota tsari ne guda da sassansa suka dogara da juna, kamar gaɓoɓin jiki. Malamai za su iya ba ɗalibai wannan aiki a aji: a lissafa kuzarin motar haya mai nauyin kilo 2,000 a gudun kilomita 60 da kuma 120 a sa'a, sannan a gano lita nawa ta ruwa kowane zai iya kai wa ga tafasa.