Muryar Uwa Ta Fi Waya: Kira Ga Iyaye A Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai daji. Bayan kwana shida aka sako 344 daga hannunsu. Labarin waɗannan ya zagaya duniya. Waɗanda ba wanda ya ƙirga su ne ƙannensu da ke gida, da sauran yaran ƙauyuka irin su 'Yargoje da Sheme da Damari, waɗanda suka buɗe ido da ƙarar bindiga da gudun tsakar dare. Ko an daina harbi, tsoro kan daɗe a zuciyar yaro.

Iyaye sun san alamun, ko da ba su alaƙanta su da fargaba ba. Babur ya wuce da daddare, yaro ya zabura ya ƙanƙame uwa. Wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi. Wani ya riƙa firgita cikin barci, wani kuma karatun da ya haddace ya zube. Wannan ba taurin kai ba ne, kuma tsawa da bulala ƙara shi suke yi.

Cikin magunguna mafi sauƙi akwai wanda kakanninmu suka bar mana, wato waƙar reno. Jariri yana fara jin muryar uwarsa tun yana ciki, a watannin ƙarshe, saboda haka ba sautin da ya sani kamarta. Idan uwa ta goya shi, tana jijjiga shi a hankali, tana bubbuga bayansa, tana rera waƙa ƙasa-ƙasa, numfashinsa yakan daidaita, bugun zuciyarsa ya lafa. Ita ma uwar hankalinta yakan kwanta, domin mai rera waƙa dole ya ja numfashi a natse. Ba a bukatar zaƙin murya. Abin da ake so shi ne maimaici: waƙa guda, a lokaci guda, kullum bayan sallar isha'i, har yaro ya gane cewa in ya ji ta, gida lafiya lau, barci ya zo. Ana iya sa sunansa a ciki, da kirarinsa, da sunayen kakanninsa. Uba ma yana da nasa rabon, haka yaya da goggo.

Gidan da ba a son kiɗa, ba sai an nemo ganga ba. Murya da tafi sun wadatar, ga kuma ƙasidun yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da addu'o'in kwanciya barci da ake karanta wa yaro cikin taushin murya.

Ta fuskar karatu ma, hanyar tamu ce tun da can. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da waƙe ta ilimantar da matan karkara ta hannun malamai mata da ake kira jaji, na ƙungiyar 'Yan Taru. Almajirin makarantar allo da rauji yake riƙe haruffa. Dalilin a fili yake: kari da amsa-amo suna taimaka wa ƙwaƙwalwa ta riƙe jerin kalmomi. A yankin da makaranta kan rufe saboda rashin tsaro, uwa tana iya cike wani gurbi tana tsakiyar aikinta. Tana surfen masara, ta ɗebo ƙwaya goma ta jera a faifai, ita da yaro suna ƙirgawa da waƙa, tafi ɗaya ga kowace ƙwaya. Gobe a cire uku a rera abin da ya rage. Haka za a yi wa ranakun mako, da watannin Musulunci, da shika-shikan Musulunci biyar, da baƙaƙen boko. 'Yan mata kuma a bar su su yi gaɗa a tsakar gida in fita dandali ba ta yiwuwa. Ƙasar da ta haifi Mamman Shata da Barmani Choge ba ta rasa masu iya ƙaga waƙa ba.

Sai dai akwai gargaɗi. Na farko, waya ba ta maye gurbin uwa. Ya zama ruwan dare a cika kati da waƙoƙin fim a miƙa wa yaro don ya yi shiru. Shirun yakan samu, amma waya ba ta kallon fuskarsa, ba ta amsa masa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2019, ta ce kada a zaunar da jariri ko ɗan shekara ɗaya yana kallon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Na biyu, a kula da ƙara. Lasifikar biki kusa da goyo, ko abin saurare a kunnen yaro an ƙure shi, na iya lalata ji, kuma jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa. Na uku, a tace abin da ke cikin wayar. Waƙoƙin batsa da zambo, da bidiyon 'yan bindiga suna taƙama da makamai, ba abin kunnen yaro ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na huɗu, waƙa ba ta maganin cuta. Yaron da ke kuka ba ƙaƙƙautawa, da zazzaɓi, ko taune-taune, ko ƙin nono, ko ramar tamowa, asibiti za a kai shi ba tare da jinkiri ba. Kada a ɗura masa maganin tari ko na mura daga kemis don ya yi barci, kada kuma a girgiza jariri da ƙarfi cikin fushi, domin hakan na iya taɓa ƙwaƙwalwarsa. Idan firgita ta ɗauki makonni ba sauƙi, a sanar da ma'aikacin lafiya da malamin yaron.

Tsaron gari nauyin hukuma ne, kuma dole a ci gaba da neman ta sauke shi. Amma kwanciyar hankalin yaro da harafinsa na farko suna hannun mutanen gida. A ware musu ko da minti goma kowane dare, a kashe waya, a rera da baki.