Gaya: motar Italiya, marainiya a bakin gada

Duk wanda ya san Gaya ya san ta da ayarin motoci. Tun cikin shekarun 1990, musamman bayan karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, tsofaffin motocin Turai suka riƙa sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Daga can a koro su fiye da kilomita 700 zuwa Malanbil, su ƙetare gada, su yi layi gaban duwan. Wasu su wuce Doso da Yamai, wasu su ɓulle ta Kamba su faɗa Najeriya. A cikin wannan garke Toyota ce sarauniya. Motar Italiya kuwa, ko Fiat ko Alfa Romeo ko Lancia, sai an tona. In ma ta zo, kuɗinta a karye yake, kuma zargi ɗaya ake yi mata: wai ba ta da amana wajen wuta.

Da can ba haka sunan Fiat yake ba. Tsofaffin direbobi ba su manta da Fiat 682 ba, babbar motar kaya wadda aka soma ƙerawa a 1952, ta yi shekaru tana cin hanyoyin Afirka. A Kano ma an kafa masana'antar harhaɗa manyan motocin Fiat a shekarun 1970. Waccan mota ba ta ɓoye ciwonta: makanike ya kasa kunne, ya duba hayaƙi, ya kwance, ya ɗaure. Ƙannenta na zamani kuwa ciwonsu a cikin waya yake, inda ido ba ya kaiwa.

A ɗauki makulli. Daga tsakiyar shekarun 1990, Fiat ta sa wa motocinta tsarin hana sata mai suna CODE: a kan kowane makulli akwai ɗan ƙwayar lantarki da ƙwaƙwalwar mota take ganewa kafin ta yarda inji ya tashi. Motocin farko sun zo da wani jan makulli, uban sauran, wanda da shi ake koya wa mota sabon makulli. To, motar da ta bi hannu uku a Turai, ta kwana cikin jirgi, ta yi makonni a filin Kwatano, ina za ta iso Gaya da jan makullinta? Ranar da ɗayan da ya rage ya ɓata, lafiyayyar mota ta zama rumfar awaki.

Haka Punto ta 1999, wadda sitiyarinta ke aiki da lantarki. In na'urar da ke auna juyin hannun direba ta gaji, ko batir ya yi sanyi, sai jar fitila ta kama, sitiyari ya yi tauri ana tsakiyar tafiya. Stilo ta 2001 ita ma ta yi ƙaurin suna da fitilun gargaɗi, har a Turai.

Amma a yi wa Italiyawa adalci. Tsarin fesa gazuwal na zamani, wanda yau kusan kowace mota mai gazuwal ke aiki da shi, a gidan Fiat aka raine shi kafin a sayar wa kamfanin Bosch na Jamus, kuma Alfa Romeo 156 ce ta fara fita da shi a 1997. Inji ne mai ƙarfi da tsimin mai, sai dai yana tura gazuwal da matsi mai tsanani ta ƙofofin da suka kai gashi siranta. Man ruwa-ruwa da ya kwana a jarka, ya sha ƙura ko ɗigon ruwa, guba ne gare shi. Ga kuma Gaya, inda damina ta fi ta ko'ina nauyi a Nijar: laima ta ci bakin wayoyi, zafin bazara ya gasa roba, ya kashe batir. Waɗannan ba su tambayar ƙasar da aka ƙera mota.

Bambancin yana wajen magani. Tun 2001 dokar Turai ta tilasta wa sababbin motoci masu fetur su zo da kafar da ake jona na'urar bincike, wadda makanikai ke kira valise da Faransanci. Sai dai na'urar gama-gari takan karanta ciwon inji ne kawai; sitiyari da makulli suna son wadda ta san harshen Fiat. Ko an gano ciwon, saura kayan gyara. Na Toyota suna zube daga Doso har Kano. Na Alfa sai an aika Kwatano, an jira. Hanyar kuma ta sha tsinkewa: Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan gadar Malanbil ta rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023. Haɗewar Fiat da Peugeot a 2021 ƙarƙashin Stellantis ta sa wasu sababbin motocin gidajen biyu cin kayan gyara iri ɗaya, amma wannan bai shafi tsofaffin da ke hannun jama'a ba.

Shi ya sa mai saye da ya san kan abin ba ya farawa da fenti. Makullai yake fara ƙirgawa. Sannan ya murɗa ba tare da ya tada inji ba: wajibi ne fitilun gargaɗi su kama duka, su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ta ƙi kamawa tun farko, mai yiwuwa wani ne ya cire mata ƙwai a hanya.