Ko Kun Sani? Asalin Sunan Taylor

Ko kun san cewa Taylor, wanda ke cikin sunayen iyali mafi yawa a Ingila, asalinsa sunan sana'a ne? Ya fito daga tsohuwar kalmar Faransanci mai nufin mai yanka tufa, wadda ta shiga Ingila bayan Normawa daga Faransa sun ci ƙasar da yaƙi a 1066. A wancan zamani, wanda ke riƙe da almakashi yana yanka yadi bisa awon jiki akan kira shi da sana'arsa, kamar yadda mu ma kan ce Audu Tela. Kalmarmu ta tela ma daga wannan tushe take. Da tafiya ta yi nisa laƙabin ya bi 'ya'ya da jikoki, har waɗanda ba su taɓa zura zare a allura ba.

Daga cikin waɗanda suka shahara da sunan, Zachary Taylor ya zama shugaban Amurka na 12 a 1849, Charles Taylor kuma ya mulki Laberiya daga 1997 zuwa 2003. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda sunan ya koma na yanka, ga maza da mata. Mawaƙiya Taylor Swift, haihuwar 1989, sunan mawaƙi James Taylor iyayenta suka raɗa mata.