Kafin ka haɗa tirelar juji da tsohuwar tarakta, ka san hanyar da mai yake bi

Duk wanda kajinsa suka kai dubu ya san wahalar kwashe kashin kaji da shebur, a loda a tirela, a je gona a sake saukewa da shebur. Haka ma mai haƙa ramin kifi da yake jigilar yashi da ƙasa. Shi ya sa da yawa daga cikinmu, da zarar mun samu tsohuwar tarakta, tunanin farko shi ne a haɗa mata tirela mai juye kaya da kanta. Ni ma haka na yi da taraktar kawuna, Massey Ferguson 135, irin wadda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975. Ta girme ni nesa ba kusa ba, amma injinta Perkins mai silinda uku har yanzu bugu ɗaya yake tashi.

Mun kai ta wajen wani mai walda, ya ɗaura silinda a ƙarƙashin tirelar, ya jawo layin mai da tiyon da ya samu a shagon kayan ruwa. Ba kaya ta ɗaga lafiya lau, har muka yi ta murna. Ranar da muka cika ta da jiƙaƙƙen taki, tana kaiwa rabi sai tiyon ya fashe, tirelar ta faɗo da kayanta gaba ɗaya. Yaron da ke taya mu aiki bai fi taku biyu da wurin ba. Laifin nawa ne, don na karanta harkar noma a jami'a amma ban taɓa tambayar nawa ne matsin man da ke cikin tiyon nan ba.

To ga amsar. Famfon haidurolik na irin wannan tarakta yana tura mai da matsin da ya kai wajen ba 170, wato kusan kilo 170 a kan kowace santimita murabba'i ɗaya. Tiyon ruwa na gida ko ba 20 ba a yi shi ya ɗauka ba. Wannan matsin shi ne sirrin ƙarfin. Ɗauki silinda mai faɗin ciki milimita 75: fuskar fistin ɗinta wajen santimita murabba'i 44 ce. Ka ninka 44 da 170, ka samu kusan kilo 7,500. Tan bakwai da rabi ke nan daga ɗan ƙarfen da za ka rungume da hannu ɗaya.

Amma ƙarfi daban, sauri daban. Matsi ne ke ba da ƙarfi, yawan man da famfo ke turawa a minti shi ke ba da sauri, kuma famfon 135 ƙarami ne, ba ya kai lita 20 a minti. Waccan silindar, idan tsawon fitarta santimita 60 ne, tana shan mai sama da lita biyu da rabi, za ta ɗaga cikin daƙiƙa goma da ɗoriya. Don juji wannan ya isa. Wanda ke mafarkin saka mata babban cokalin loda a gaba kuwa, ya shirya haƙuri, ko ya shirya kuɗin famfo na biyu da za a ɗaura a gaban inji.

Famfon kansa ba za ka gan shi ba. Yana nutse cikin mai a ƙasan kujerar direba, kuma man nan guda ne da giyabos da akselin baya suke amfani da shi, wajen lita 30. Wannan tsari na Harry Ferguson ne, mutumin arewacin Ayalan da ya ƙirƙiro hannaye uku na bayan tarakta. Dabararsa ita ce hannun sama yana danna wani sifirin idan garma ta ci ƙasa mai tauri, sifirin ya taɓa bawul, garmar ta ɗan ɗago da kanta. Ka ga tun asali an yi tsarin ne don garma. Tirela baƙuwa ce, sai an buɗe mata hanya.

Daga famfo, man yana hawa ta wani siririn bututu a tsaye zuwa murfin da kujera ke kai. A nan akwai wata ƙaramar hula mai noti biyu da ke juya man zuwa silindar cikin da ke ɗaga hannayen baya. Mafi tsafta shi ne a cire hular a sa bawul mai liba a gurbinta: ka juya gefe ɗaya mai ya tafi hannayen baya, ka juya ɗaya gefen ya fita waje zuwa tirela. Lokacin cire hular a kula, bututun yakan biyo ta, kuma akwai 'yan zoben roba a bakinsa da ya kamata a canza.

Silindar juji yawanci mai tiyo ɗaya ce. Mai ya shiga ya ɗaga, nauyin tirela ya koro shi ta hanyar da ya zo. A 135 mai liba biyu a hannun dama, ana kai libar matsayi wurin da famfo ke turawa ba tsayawa, sai a riƙa ɗagawa da saukewa da libar garma. Da zarar silinda ta kai ƙarshe, a mayar da libar tsakiya. In ka ji wani kuka kamar usur, bawul ɗin kariya ne yake sakin man da ya rasa wurin zuwa. Ka bar shi yana kukan nan, man zai yi zafi, famfo ya gaji.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne silinda mai tiyo biyu, wadda ake tura ta a kuma jawo ta da mai. Ita sai da bawul na daban mai baki huɗu. Za ka ga haruffa a jikinsa: P daga famfo, A da B zuwa kai da gindin silinda, T kuma hanyar komawa gida. Wannan T ɗin ba a toshe shi, ko da wasa. Dole a jawo masa tiyo mai faɗi ya koma cikin akwatin giya, kuma gara ya zuba ƙasa da saman man don kada ya yi kumfa. Sannan idan za ka saya, ka ce a ba ka mai buɗaɗɗiyar tsakiya, wanda idan ba ka taɓa liba ba mai ke wucewa daga P zuwa T ba tare da tsayawa ba. Famfon nan muddin an sa shi turawa bai san jira ba.

Tiyo kuma a nemi na haidurolik mai saƙar waya biyu a ciki, an rubuta matsin da yake ɗauka a jikinsa, a matse masa kai da inji, ba da waya ko kilif ba. Ka ɗauki tsohon kan ka je da shi shago, don zaren noti na Ingila da na Amurka suna kama a ido, su shiga zagaye biyu su cije. In ka tilasta, ka ɓata ramin.

Abu biyu da suka taɓa ruɗa ni. Na farko, in ka taka kuloci har ƙasa famfon yana tsayawa, sai ka ɗauka ya lalace. Na biyu, duk litar da ta tafi silindar tirela daga wajen giya aka ɗebo ta, saboda haka a duba sandar awo bayan an haɗa sabuwar silinda, a cika. In ka zaro sandar ka ga man ya yi fari kamar madara, ruwan damina ne ya shiga ta yagaggiyar robar sandar giya. A zubar, a wanke matatar famfo, a zuba sabo.

Kada ka laluba yoyo da hannu. Ɗan ramin da bai kai bakin allura ba yana fesa man da zai huda fata ya shiga nama, kuma wannan na asibiti ne a take, ko da ciwon bai yi kama da komai ba. A yi amfani da kwali. Kafin a kwance kowane noti a sauke kaya ƙasa, a kashe inji, a motsa liba don matsin ya fita. Tamu tirelar yanzu mun yi mata madogarar ƙarfe mai ƙusa, kuma ba wanda ke leƙa ƙarƙashinta sai an kafa ta.