Ruwan tankin kifinka taki ne, daina zubar da shi a kwata

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani ya san Kadawa da Kura: ko'ina kore shar, tumatur da albasa da alkama. Ruwan nan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974, daga baya aka ƙara ta Challawa a 1992. Amma ka gangara wajen Haɗeja da Nguru ka tambayi masunta. Tun da aka datse kogin, ambaliyar da ke cika fadamu duk shekara ta ragu, ciyawar kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Kogi ɗaya ne, abin da na sama ya ɓarnatar, na ƙasa ke rasawa.

To mu masu kifi fa? A nan nake ganin muna da laifi.

Tanki mai tsawon mita 4, faɗi 3, zurfi 1, lita 12,000 yake ci in ya cika. Tarwaɗa in ta fara girma, kwana biyu ko uku sai ka canja ruwa. Ka sayi fetur ka jawo shi daga rijiya, sannan ka buɗe famfo ya bi kwata, maƙwabta suna ta ƙorafin wari. Alhali warin nan kashin kifi ne da ragowar abinci, kuma sinadarin da ke cikinsa shi ne dai wanda kake saye a buhun yuriya.

Ka haƙa ɗan rami ƙasa da tankin, ruwan ya kwanta laka ta zauna, sai ka kora shi fangali. Alayyafo da masara da ayaba suna son sa sosai. In da bututun ɗigo kake ban ruwa, tacewa dole ce, in ba haka ba ƙofofin za su toshe cikin 'yan kwanaki. Ka ba da ruwa da sassafe ko da yamma, ka rufe gindin shuka da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, danshi zai daɗe.

Amma a kula: ranar da ka zuba gishiri ko magani a tanki, wannan ruwan kada ya je kan kayan lambu. Gishiri taruwa yake a ƙasa, wata rana ka ga ganye yana ƙonewa ba ka san dalili ba. Latas kuwa, tunda ɗanye ake ci, a gindi za ka ba shi, ban da watsawa a ganye.

Lakar ramin, in ta taru, ka kwashe ka haɗa da kashin kajinka, ka bar su su ruɓe tukuna kafin su shiga gona.