Haɗin Gwiwar Ƙungiya da Attajiri: Darasi Daga Lantarkin Negros a Ƙasar Filifin

Sau da yawa idan aka zauna ana maganar gyaran kara, ko haƙa rijiyar burtsatse, ko gina kwata mai ɗakin sanyi, sai ka ji an ce aljihun ƙungiya ba zai ɗauka ba, a nemo mai kuɗi a haɗa gwiwa da shi. Maganar ba ta da laifi, amma ya kamata mu san abin da ake bayarwa da abin da ake karɓa. Shi ya sa na kawo muku labarin wata ƙungiyar lantarki a ƙasar Filifin, can kudu maso gabashin Asiya, wadda ta yi irin wannan ciniki.

A Filifin, yawancin ƙauyuka da ƙananan garuruwa ba kamfani ne ya kai musu wuta ba. A shekarar 1969 gwamnati ta kafa hukuma mai suna NEA, ta riƙa ba da rance ana kafa ƙungiyoyin gama kai na lantarki, har suka haura 100. Duk wanda aka ja wa wuta gidansa ya zama ɗan ƙungiya, kuma kowa ƙuri'a ɗaya gare shi, da mai masana'anta da mai ƙwai ɗaya a ɗaki. Ba don riba aka kafa su ba. Aikinsu su sayo wuta daga masu samar da ita su rarraba ta ta wayoyinsu, kamar dai falke da ba shi ya kiwata saniya ba, amma shi ke kai ta ga mahauci.

Ɗaya daga cikinsu ita ce CENECO, wadda aka kafa a 1975 a tsibirin Negros, ƙasar noman rake. A da ita ce ke ba birnin Bacolod wuta, da biranen Silay, Talisay da Bago, da gundumomin Murcia da Don Salvador Benedicto. Masu amfani da wutarta sun kai wajen 200,000.

To me ya kai ta neman abokin tarayya? Babbar matsalar ita ce abin da mu za mu kira asarar hanya. Duk wanda ya taɓa loda tirela zuwa Legas ya san shanun da suka sauka ba su ne suka hau ba: wata ta rame, wata ta karye, wata sai wuƙa. Haka wuta take. Ka sayo ta da yawa, amma kafin ta isa gidaje wata ta zube a tsofaffin wayoyi da taransifoma, wata kuma ɓarayi sun ja ta bayan mita. Dokar ƙasar ta yarda a ɗora wa masu biyan kuɗin wuta wani kaso na wannan asara, amma an yi masa iyaka. Abin da ya haura iyakar, mai rarrabawa ne zai biya daga aljihunsa. Asarar CENECO ta haura iyaka, kayan aiki sun tsufa, ana yawan ɗauke wuta, ga bashi. Ba kuɗin gyara, kuma rashin gyaran shi ke ƙara asarar. Bugu da ƙari, izinin da aka ba ta na rarraba wuta zai ƙare a 2030.

Ana nan sai kamfanin Primelectric ya zo da tayi. Kamfanin na cikin dukiyar attajiri Enrique Razon, mai kamfanin tasoshin jiragen ruwa na ICTSI, wanda yake da tasha a Kribi ta Kamaru da kuma Onne ta Nijeriya. Wani kamfaninsa, MORE Power, shi ya karɓi rarraba wuta a birnin Iloilo a 2020. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a yarjejeniya. Ga yadda take a taƙaice: za a kafa sabon kamfani mai suna Negros Power. CENECO za ta miƙa masa turakunta da wayoyinta da tasoshinta. Kashi 70 cikin 100 na kimar kayan za a biya ta tsabar kuɗi, ta biya bashi ta sallami ma'aikata da haƙƙinsu. Sauran kashi 30 kuwa ya zama hannun jarinta a sabon kamfanin. Shi kuma kamfanin ya yi alkawarin zuba wajen peso biliyan 2 cikin shekara 5 don sabunta kayan.

Abin da ya burge ni shi ne shugabanni ba su gama magana su kaɗai ba. Da yake dukiyar ta 'yan ƙungiya ce, sai da aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi a 2023 a ƙarƙashin idon NEA, aka ɗauki makonni ana yi, har fiye da rabin masu haƙƙin zaɓe suka ce sun yarda. Ba a rasa masu ja ba. Ƙungiyar ma'aikata ta ji tsoron rasa aiki, wasu masu amfani da wuta kuma suka ce wannan sayarwa ce aka lulluɓe da sunan tarayya. Daga nan magana ta je majalisa, a watan Yuli na 2024 shugaban ƙasa Marcos ya sa hannu a dokar da ta ba Negros Power izini na shekara 25, kuma kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya karɓi aiki.

Yanzu mu auna cinikin da ma'aunin kara. A ce garke mai shanu 100 naku ne ku duka, amma ba abinci ba magani, kullum suna mutuwa. Wani Alhaji ya ce ya sayi 70, ku riƙe 30, a bar su garke ɗaya, shi zai kawo dusa da likita. Shanunku 30 za su yi ƙiba, babu shakka, kuma kun fita daga bashi. Amma ranar da za a yanke wace kasuwa za a nufa, wane makiyayi za a ɗauka, nawa za a sayar, muryar wa za a ji? A ƙungiya ana ƙirga kawuna, a kamfani ana ƙirga jari. Mutumin Bacolod da jiya yake mai dukiya, yau mai saye ne wanda ƙungiyarsa ke da ƙaramin kaso. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sai dai akwai abin da ya tsare su, wanda mu sau da yawa ba mu da shi. A can kamfani ba ya ƙara kuɗin rarraba wuta yadda ya ga dama, sai hukumar ERC ta duba ta amince. Iyakar asarar hanya da aka yanka wa kamfanoni masu zaman kansu ma ta fi ta ƙungiyoyi tsauri. Wato akwai alƙali a tsakani. Tarayyar da ba ta da alƙali, mai ƙarfi ne alƙalinta.

Don haka 'yan'uwa, in irin wannan tayi ya zo mana, kada mu tsaya a kan yawan kuɗin da aka ambata. Mu tambaya: wa ya yi wa dukiyarmu kima, namu ne ko nasa? Kujera nawa muke da su a wurin yanke shawara, kuma wace magana ce ba za ta wuce ba sai da yardarmu? Alkawarin gyara a rubuce yake da lokacinsa, kuma me zai biyo baya in an saɓa? Yaranmu masu aiki a kara fa, ina makomarsu? In tarayya ta watse, ƙasa da gini na wa ne? Sannan a kira kowa da kowa a karanta takarda da harshen da yake ji, a yi ƙuri'a, kamar yadda mutanen Negros suka yi.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai dukiyarmu lafiya, amin.